Jan da Ke Cikin Tawadarta

Ɗigo biyu suka rage a kurtun tawadar da marigayiya matarsa ta dafa, ga izu uku na Alƙur'anin da yake rubutawa bai kammala ba. Duk wadda ya haɗa da kansa sai ta fito baƙa ƙirin, babu ɗumin nan na tata.

"Bagaruwa ce da ƙaro kawai, Malam," haka takan ce tana murmushi.

Ya taɓa ganin yayyafi ya warware tawada launi-launi. Sai ya ɗiga abin da ya rage a takardar shan tawada da wani akawun En'e na Gumel ya ba shi. Ɗigon farko ya yi gaggawa, ya kwara masa ruwa, komai ya cakuɗe. Na biyun, gefen takardar kaɗai ya tsoma a ƙoƙon ruwa, ya zauna.

Ruwa ya riƙa hawa sannu-sannu. Baƙin ya tsaya. Launin bagaruwa ya ɗan gusa. Can sama, wani ja siriri ya ci gaba da tafiya shi kaɗai.

Ya san jan nan. Shekara talatin, ashe duk lallen da ta kwaɓa wa hannunta sai ta raba da tawadarsa.