Kwalbar da Mama Ta Bari

Wanne ne cin amana: ka bar abin da mamaci ya bari ya ruɓe, ko ka canja shi a ɓoye? Har yau ban san amsa ba.

Kafin Mama ta rasu, ta bar kwalba ɗaya a firji: kokwamba da karas jiƙe cikin ruwan kal, wato ruwan tsami. Irin wannan haɗin ba ya daɗewa, na ci ne, ba na ajiya ba. Baba ya hana kowa taɓa ta, shi ma ya ƙi ci. Abinci ma sai an yi da gaske. Yana ramewa, ruwan kwalbar yana gurɓacewa.

Ranar da na ga fumfuna a bakin murfi, na ƙudura ba zai gani ba. Yana barcin rana na zubar, na wanke kwalbar, na yanka sabuwar kokwamba da karas. Na tafasa ruwan kal da gishiri da sukari, na juye. Da ta huce na mayar inda take.

Washegari ya buɗe firji, ya daɗe tsaye.

"Kai, zo nan. Wannan yanka ne ko faskare? Mamanku in ta yanka, har haske ake hangowa ta ciki."

"Baba, lalacewa ta yi."

"Na sani. Na riga ka gani. Hannuna ne ya kasa zubarwa."

Ya ja kujera, ya murɗe murfin, ya tsamo yanki ɗaya da yatsu.

"Gishiri ya yi yawa," ya ce, ya sake kai hannu.