Ɗumin Inji

Tun da aka hana motocin dizal, tarin Malama Tasalla ya tafi, kowa sai barka yake mata. Ita kam tana da ja.

Da, in autanta Sabi'u ya kawo cefane, dole ya jira tsohon injin motarsa ya yi zafi kafin ya tafi, tana mitar hayaƙi, yana ba ta labarin jikoki.

Yau ya ajiye doya a zaure, ya gaishe ta, ya miƙe.

"Auta, ba ka bari motar ta ɗan yi ɗumi?"

"Inna, ta lantarki ce, ba ta buƙata."

"Na sani. Ni na koya maka kimiyya."

Motar ta sulale shiru, ta bar ta riƙe da kofin kunu biyu.