Kwalbatin da Aka Bar wa Kansila

"Ku da kuka ci zaɓe, ku je ku yashe!" in ji Muhammadu Lawal, yana goge babur ɗinsa.

Maƙwabcinsa Yakubu ya jingina shebur da bango. "Haba Malam Lawal. Kwalbatin unguwa ne fa, ba na jam'iyya ba. Tun muna yara ake gayyar yashe shi kafin ruwa ya sauka."

"Da ke nan. Ka manta ihun da kuka yi mini ranar zaɓe? Kansilanku ya ce zai kawo katafila. Ina nan ina jiran in ji ƙararta."

Ƙauyensu a gindin duwatsun Roni yake. Duk ruwan da ya gangaro, ta wannan kwalbati yake ficewa. A da, ana yin shela bayan Juma'a, washegari kowa ya fito da shebur. Bana mutum huɗu suka fito: Yakubu, da tsofaffi biyu, da Joseph mai walda, wanda zaman haya ma yake yi. Suka yi abin da za su iya, suka gaji, suka tashi.

Waɗanda suka faɗi zaɓe suka ce ba ruwansu. Waɗanda suka ci suka zauna jiran katafila. Ba wanda ya taka ya tambayi kansila ina alkawari.

Wata Talata a Agusta, bayan la'asar, aka kece da ruwa. Lawal ba ya gida, ya kai fasinja Kazaure a babur ɗinsa. Ruwa ya iske yashi da leda sun toshe hanya, ya juyo cikin unguwa. Gidan farko na Lawal ne. Mahaifiyarsa Inna Dela, wadda ƙafa ta daina ɗauka, tana ɗakin ƙasa. Bango ya rufta.

Ɓangarorin biyu suka tono ta, da shebur ɗin da suka ƙi fitowa da shi. Yakubu ne a gaban makara.

Ran uku, unguwa ta fito ta yashe kwalbatin. Awa biyu aka yi.

Jama'a, zaɓe yini ɗaya ne, amma maƙwabci kullum yana nan. Wanda muka zaɓa mu bi shi mu tambaye shi. Abin da hannunmu zai iya kuwa, kada gaba ta hana mu haɗuwa a kansa.

Da aka gama, Lawal ya tsaya a bakin kwalbatin, laka har gwiwa, ya dubi mutane.

"Awa biyu ne kawai dama?"