Farin Gemun Bunsurun Ɗanmusa

Malam Bunyaminu ya ɗaga faifan da ya rufe ƙwaryar, ya tarar yau ma an shanye rabi.

Kullun manne ne, ba na ci ba. Hedimasta ne ya ɗora masa aikin gina mikiyar takarda, irin wadda ke kan tambarin sabuwar ƙasa, a ɗaga ta gaban jama'a ranar samun 'yancin kai. Mutanen ƙasar Dahome da ke ƙetaren iyaka daga garin Illo sun riga sun yi nasu bikin, kowace kasuwa sai sun shigo da cika baki. Ba a so ƙauyen ya ji kunya.

Aikin ba wuya. A ɗaure kara ya zama ƙashin tsuntsu, a yayyaga tsofaffin jaridu, a dama garin rogo da ruwan zafi har ya yi kauri, a tsoma takarda a lulluɓa, a bar ta ta sha rana, gobe a ƙara. A gida yake yi, a inuwar bakin ɗakin Goggo, wai nan ne kullu ba ya saurin bushewa.

Goggo ita ce mahaifiyar matarsa Ruƙayyatu. Ta zo zaman haihuwa farkon damina, aka kai 'yar da jaririn makwanci rana ɗaya, ita kuwa ba ta koma garinsu ba. Ba ta yi wa surukinta magana, shi ma ba ya ɗaga ido ya dube ta, kamar yadda aka gada. Duk kwanon da aka miƙa mata a rufe yake dawowa. Gidan ya yi tsit, irin na rijiyar da aka daina ja.

Da safe yakan dama kullu, ya rufe, ya tafi makaranta, wai sai ya huce yake kamawa. Da azahar ya dawo ya tarar an yi ɓarna. Da la'asar kuma sai a ga bunsurun maƙwabcinsa Ɗanmusa da gemu fari fat, ya daskare kamar tsintsiya.

"Ɗanmusa! Zaka ka ga ɓarawonka!" Ya ɗaga murya yadda har na cikin ɗaka za su ji.

"Malam, wallahi ɗaure na bar wanga dabba."

"To shi ya kwance kanshi, ya ci, ya koma ya ɗaure. Dubi gemu, awa tsohon alƙali!"

Ɗanmusa ya sauya igiya, ya matso da turke jikin dangar da ta raba gidajen biyu, inda idonsa zai riƙa kaiwa. Kashegari gemu ya sake fari, igiya kuwa ko motsi ba ta yi ba. Mata suka fara cewa bunsurun ba shi kaɗai yake ba. Masu wucewa suka koma gaishe shi da "Alhaji, ina gajiya?"

Biki ya matso, Hedimasta ya zo duba aiki. Ya tarar da mikiya da kai, da ƙirji, da fiffike guda. Ɗayan ɓangaren kara ne tsirara.

"Zuba kananzir cikin kullun nan, Malam. Ko gara ba ta kusantarsa, bare akuya."

"A'a, ranka ya daɗe!" Ya faɗa da sauri har Hedimasta ya dube shi. "Yana hana fenti zama."

Maimakon haka sai Bunyaminu ya shiga gyaran damun kullun. Ya jiƙa tsamiya ya zuba, wai tana ƙara danƙo. Ya tsayar da Dela mai tallan nono a ƙofar gida, wai da nono takarda ta fi bushewa fes. Ranar kasuwa ya dawo da zuma cikin ƙoƙo. Hedimasta ya tambaye shi a wane littafi ya ga haka, ya ce shi karatunsa bai yi nisa ba, hannu ne ke gaya masa.

Ɓarawo dai sai ƙara samun ƙarfi yake. A da rabi yake sha, yanzu sai a tarar da gindin ƙwarya.

Ranar biki aka ɗaga tuta, aka yi kiɗa, aka fito da mikiya a kan gora da fiffikenta ɗaya. 'Yan Dahome da suka ƙetaro kallo suka riƙe ciki don dariya. "Haka ƙasar taku za ta tashi, a karkace?" Hedimasta bai jira an watse ba, ya ce daga yau Bunyaminu ba shi ba koyar da sana'ar hannu. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya ji.

Ɗanmusa ya rantse ranar kasuwar Illo zai kai bunsurun ga mahauta.

"Bar shi, maƙwabci. Dabba ce, na yafe mata. Kuma fiffiken nan sai na gama shi, ko ba mai kallo."

Kashegari ya dama ƙwarya cike, ya rufe, ya fita. Da ya dawo da azahar, tun daga zaure ya ji abin da rabonsa da ji tun Ruƙayyatu na da rai: ƙarar tsintsiya a tsakar gida. Ya yi gyaran murya. Sharar ta tsaya, asabarin ƙofar ɗakin Goggo ya faɗi.

Ya tsuguna ya ɗaga faifai. An suɗe tas, sai ɗan abin da ya maƙale a gefe. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar, ya goge ido da hannun riga. Sannan ya lakato ragowar da ludayin Goggo bai kwaso ba, ya waiga hagu da dama, ya miƙa hannu ta kan danga, ya shafa wa bunsurun Ɗanmusa a gemu kamar yadda ya saba.