Labarin da Babu Amanat

Bu Wartini, wato Malama Wartini, ta sake karanta shafin ƙarshe, ta juya bayansa ko akwai saura. Babu. Labarin Kinanti ya ƙare haka nan, ba amanat.

Tun da take koyar da 'yan aji biyar ba ta taɓa ganin yaron da ya rufe labari babu amanat ba, darasin nan da ake liƙawa a ƙarshe. Ga na sauran a gabanta, gwanin sha'awa. Wanda ya yi wa uwarsa ƙarya ya faɗa kwata, wadda ta hana ƙawarta abinci ta yini da ciwon ciki. Kowa ya yi nadama, ya nemi gafara. Abin da ya ba ta dariya kawai, kusan kowane labari sai wata kyanwa mai karyayyar wutsiya ta gitta. Yara ke nan, ɗaya ya yi, saura su kwaikwaya.

A na Kinanti kuwa, wata yarinya ce ta saci mangwaron maƙwabta, ta hau rufin ɗaki ta shanye, ruwan yana bin gwiwar hannunta, kyanwa na lasa. Ba ta faɗo ba, ba a kama ta ba. Daɗi ta ji, shi ke nan.

Wannan ba hannun yaro ba ne. Yaro ya san mai laifi sai ya ga sakayya, babba ne kaɗai zai bar ɓarauniya ta sha. Zargin Bu Wartini ya tafi kai tsaye kan kawun Kinanti, mai dogon gashin nan da ya gama jami'a ya dawo yana zaman kashe wando. Abin ya ɓata mata rai, don labarin ya fi kowanne kyau, kuma guda ɗaya za a aika gasar gunduma. Wanda aka kama an yi masa rubutu kuwa, ranar Litinin a gaban tuta ake kiran sunansa, makaranta duk na tsaye.

Da aka fita shan iska Bu Wartini ta sa aka kira mai labarin. Kinanti ta shigo tana cin soyayyar ayaba, aljihunta cike da alewa, ita da kullum hannu rabbana take zuwa daga gida. 'Yan ajin suka yi cirko-cirko a bakin taga, ba mai wasa.

"Kinanti, kawunki ya iya rubutu, ko?"

"Wa? Shi da ko sallar asuba sai an zuba masa ruwa?"

"Kar ki raina mini hankali. Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, Bu."

"Ke ce? To ina amanat? Duk ajin nan kowa ya sa nasa, har Bagas da ba ya iya haɗa jimla. Ke kaɗai ce ba ki san mai sata yana shan hukunci ba? Ki faɗa mini gaskiya yanzu, ko ki faɗe ta ranar Litinin."

Kinanti ta waiwaya taga. Kawuna suka nutse ɗaya bayan ɗaya. Ta goge man hannunta a siket, ta sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri, Bu. Nawa na rubuta a ƙarshe. Kafin in gama rubuta wa sauran 'yan ajin nasu, amanat ɗin duk ya ƙare mini."