Lasifikar Hagu

Sau uku Shakiru yana ƙoƙarin cusa waya a bayan lasifikar hagu, sau uku tana zame masa, saboda gumin da ke tafin hannunsa.

Lasifikun nan biyu su ne darajar shagonsa a unguwar Aboabo ta Kumasi. Dogaye ne, na katako mai nauyi, an taɓa amfani da su a Turai amma tamkar sababbi. Sai dai ran da aka kawo su, ta hagu ta suɓuce daga bayan aboboya, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, ta bugi bakin kwata, ƙaramar lasifikar samanta mai fitar da siririn sauti ta mutu. Shakiru ya je Magazin, unguwar masu gyaran mota, ya ciro wata daga ƙofar motar da ta yi haɗari, ya dasa, ya mayar da raga ya rufe. Mutum goma sun saurara, babu wanda ya gane.

To, amma yau ba mutum goma ne suka zo ba. Alhaji Khalidu ne.

A Suame Magazin ba a kiransa da suna, Kunne ake ce masa. Shekara arba'in yana gyaran mota, kuma an ce tun mota na kwanar garejinsa yake faɗin ciwonta. Ya taɓa cewa kayan wani dila jabu ne, kalma ɗaya tak, kafin azumi mutumin ya kwashe ya bar Kumasi. In yau ya ce "jabu" a shagon nan, Shakiru ya san ko batirin rediyo ba mai ƙara saya a hannunsa a duk faɗin Zango.

Tare da matarsa ya zo, Hajiya Mamuna. Wannan ba sabon abu ba ne. Shekarun nan duk inda ka ga Alhaji za ka gan ta, har a gareji tana da bencinta, kanikawa na tsokanarsu da amarya da ango. Ta cire takalmi, ta zauna a bakin ƙofa tana jan carbi da hannun dama.

"Ɗakin da na gina sabo nake so in sa wa," in ji Alhaji, da muryar nan tasa ta mutanen Magazin da ba su iya magana a hankali ba. "Ban son hayaniya. Sauti nake so."

Shakiru ya fara da wasu ƙanana baƙaƙe, yana addu'a Allah ya sa su yi masa. Alhaji ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, ya ɗan dubi ƙofa, ya girgiza kai. Aka gwada na biyu, nan ma haka. Daga nan ya nuna dogayen da haɓa.

Shakiru ya kai hannu zai sa kiɗa mai ganguna, irin wanda ke rufa wa kowace lasifika asiri. Alhaji ya miƙo masa waya. "Wannan za ka sa."

Goge ne. Goge zalla, ba kalangu ba waƙa, siririn sautin da dole sai ya bi ta inda Shakiru ya yi ɗinkinsa. Ya karɓi wayar, ya sa.

Sautin ya cika shagon. Alhaji ya dafa ta dama, ya jima. Ya matsa ya dafa ta hagu. Goge ya hau sama, ya ƙara hawa, kuma can a ƙololuwa Shakiru ya ji ɗan kaushin nan da ya yi wata guda yana gaya wa kansa cewa babu shi. A bakin ƙofa carbin Hajiya ya tsaya, ta mayar da shi hannun hagu.

Alhaji ya dubi ƙofa. "Sake sawa."

Aka sake. Wani mai babur ya yi wata muguwar ƙara a waje har Shakiru ya zabura, Alhaji ko gezau. Ya tsaya ƙiƙam, hannu a kan katako, ya ba Shakiru baya. Tsoro ya gama cin Shakiru, kunya kuma ta fi tsoron zafi. Ya kashe kiɗan.

"Baba Alhaji," ya ce wa bayan babbar rigar, "ta hagun nan ta faɗi. Ni na canja ƙaramar ta saman da ta mota. Wallahi na yi kuskure. Ka rufa mini asiri."

Shiru. Alhaji bai juyo ba, bai ce uffan ba. Da ma zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Shakiru ya fara tunanin garin da zai koma.

Can Alhaji ya sake duban ƙofa. Hajiya ta ɗan lumshe ido, ta ci gaba da jan carbinta. Sai ya juyo.

"Ta hagu ba ta da lafiya," ya ce. "Amma kaya ne masu kyau. Ka nemo ta asali ka sa, ka kawo mini gida." Ya fice zuwa mota.

Shakiru ya zube a kan kwali. Lallai Kunne ya ci sunansa.

Hajiya Mamuna ta miƙe tana laluben takalminta, ba tare da gaggawa ba.

"Shakiru, bakinka ne ya cece ka. Tun a jan goge na farko ka shiga uku, da ka yi shiru da yau ka rufe shago."

"Mma Hajiya, ki taya ni gode wa Baba. Ya ji roƙona."

Ta gyara mayafi, ta leƙa waje, ta rage murya.

"Ka rufa namu asirin yadda na rufa naka. Gobe in za ka roƙi Alhaji, ka tsaya a gabansa ya ga bakinka. Shekara bakwai ke nan da gudumar Magazin ta cinye masa kunne, ko tsawa ba ya ji. Ni nake ji masa."