Mai Goge Shuɗin

Shafin intanet ɗin da wani saurayi da yayansa suke yi wa ƙungiyar masunta ya sake komawa kore. Daga Kalgo ƙanen ya mayar da shi shuɗi da hannu, yana ƙwafa.

Bai san yayan, can Gwandu, ya rubuta 'yar manhajar da ke sake shafa launin kore duk sanda aka sabunta shafin ba. Shi ma yayan kullum shuɗi yake tararwa.

Kowannensu ya kira Inna: "Wani maƙiyi na ɓata mini aiki, a taya ni addu'a."

Ran Sallah suka buɗe shafin tare a gabanta, wannan ya ce shuɗi ya sa, wancan ya ce kore, nan kowa ya gane maƙiyinsa.

Inna ta ajiye carbi. "Ashe ɗiyana nike ta kai ƙara ga Allah."